Ranar da Minjirya Ya Kwance Zare

Da babbar Sallar da ta wuce, ina kwance a ɗaki ciwon ƙafa ya hana ni fita, na ji ku a tsakar gida ku da 'ya'yanku kun haɗa kai a kan waya kuna kallon dambe. Daga kallo aka koma gardama, irin wadda maza ba sa gajiya da ita: a cikin manyan 'yan damben da ƙasar nan ta yi, wane ne su kansu manyan suka fi ganin girmansa? Kuka yi ta jero sunaye har aka zo kan babanku, kowa ya ce ai magana ta ƙare. Sai autana ya ambaci kawunku Ummaru, aka kwashe da dariya, na ji wani ya ce ai wannan gudu ya yi. Ban fito ba, ban kuma ga laifinku ba. Abin da gari ya ba ku ke nan tun kuna goye, ni kuma na bari kuka girma a kansa, domin mutum biyun da abin ya shafa kowannensu yana da dalilin da ya sa ba ya so a buɗe maganar. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ga abin da idonsu ma saura ƙalilan. Don haka ku saurara, zan faɗa muku yadda aka yi.

A bakin tafki aka haife mu, ni da Yaya Ummaru, a ƙasar Ngaski, cikin gidajen da aka gina wa iyayenmu bayan ruwan dam ya cinye tsohon ƙauyensu. Mahaifinmu masunci ne, ya rasu ina ƙarama, Inna ta riƙe mu da bandar kifi. Yaya tun bai kai ya yi azumi ba yake tuƙa jirgi, shi ya sa kafaɗunsa suka buɗe kamar ƙyauren zaure. Shi ke kai kifinmu kasuwar Yelwa, a can ya ga mahauta suna dambe bayan an tashi kasuwa, abin ya shiga ransa. Da farko dariya suka yi masa, wai ɗan masunta me ya kai shi sana'ar rundawa. Ba a daɗe ba dariyar ta ƙare. Shi ba ya tsalle-tsalle a dandali, ba ya kirari da bakinsa. Zai durƙusa ya miƙa hannun kariya ya yi shiru, sai ka ce ya manta abin da ya kawo shi, sannan ya saki hannun da ya naɗe da zare sau ɗaya. Makaɗa suka sa masa Minjirya, sunan kifin nan da in ka taɓa shi jikinka ke mutuwa.

Babanku kuwa ɗan mahautan Yelwa ne, dambe gadonsa ne. Ba zan kira sunansa ba, ban taɓa kira ba, amma duniya ta san shi da Gatari. Ku ba ku san shi a tsaye ba sai manyanku, su ma kaɗan-kaɗan. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai kyauta har ta yi yawa. In ya ci dambe, abin da aka liƙa masa ba ya kwana, a hanya yake rabar da shi. Abokin Yaya ne tun kafin ya san ni. Ya biyo shi ƙauyenmu sayen awaki, ya same ni a gindin banda hayaƙi ya sa idona ja, ya ce shi bai taɓa ganin mai kuka tana dariya ba. Daga nan aka fara. Da aka ɗaura mana aure, Baba Arzika, wanda shi ne sarkin 'yan dambe a lokacin, ya yanke cewa ba za a taɓa haɗa su biyun ba, tunda surukuta ta shiga tsakani. Haka aka yi shekaru, kowa na kashe nasa. Kun san in an ce an kashe mutum a dambe, an kai shi ƙasa ke nan. Daga Shanga har Birnin Yauri, har hayin kogi, ba a bar wani mai suna da ɗayansu bai kai ƙasa ba. Abin da ya rage wa mutane su sani ɗaya ne, wane ne gaba a tsakaninsu.

A shekarar da ruwan tafki ya ja baya ƙwarai har kututturan tsofaffin itatuwa suka fito, babanku ya dawo daga wani dambe a hayi da idon hagu a kumbure. Ba sabon abu ba ne, na gasa masa da ruwan zafi, kumburi ya sace, ido ya koma garau kamar ba abin da ya same shi. Amma ni da nake kwana da tashi da shi na fara ganin wasu abubuwa. Ya yanke yatsa a wurin fawa, shi da yake feɗe sa yana hira. Yakan buge kafaɗa da bakin ƙofa. In an yi sallama ta hagunsa, ba ido yake juyawa ba, kai yake juyawa gaba ɗaya. Wata safiya na zo ta wannan gefen da kwanon fura, na miƙa, na tsaya. Yana zaune yana kallon gabansa, kwanon na kusa da kuncinsa, bai san ina nan ba.

Na ce, "Maigida, tun ɗazu nike miƙo maka."

Ya juyo da kansa, ya dubi kwanon, ya dube ni. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Kulu, zamna."

Na zauna. Ya faɗa mini cewa tafiyar da ya ce ya yi sayen shanu, asibitin ido ya je. Likita ya ce wani abu ya yage a can cikin idon, ba zai sake gani da shi ba, kuma in ya ci gaba da karɓar duka a kai, ɗayan ma ba shi da tabbas.

"Abin da kig gani, ki haɗiye shi," in ji shi. "Ranar da maganar ga ta hita, duk wani yaron da yaɗ ɗaure hannu jiya zai zo nema na ta wanga gehe. Kin jiya?"

Na ji, amma ban ce na yi alkawari ba. Shi ma bai lura ban ce ba.

Da kaka ta yi aka cire amfanin gona, sai magana ta tashi. Baba Arzika ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, ba a cika jin maganarsa ba. Wani attajirin dillalin kifi ya ce zai sa sabon babur ga wanda ya kashe wani tsakanin Gatari da Minjirya. Makaɗa suka ɗauka, ai su abincinsu ke nan. In sun ga babanku a kasuwa sai su buga cewa gatari ba ya saran ruwa. In sun ga Yaya a bakin jirgi sai su ce minjirya ba ta hawa tudu. Na zaci babanku zai yi dariya ya wuce kamar yadda ya saba. Sai ga shi shi ya fara amsawa. Da na tambaye shi dalili, yana wanke hannu a bakin randa, bai ɗago ba.

"Saura ni da shi," ya ce. "In na gama da Minjirya, in aje zare ina kan ƙahwahuna, ba mai sake tambayata komi. In ban yi ba, har in mutu ana cewa tsoro nai ni ji."

"To idon fa?"

"Ɗaya ya isa."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na san hannun Yaya. Hannun dama yake ɗaurewa, shi kuwa ta hagun mutum yake sauka, daidai inda babanku ba ya gani. Na ga mutanen da Yaya ya kashe ana ɗauke su kamar buhun gero, su da suke ganin hannun yana zuwa. Ina da ku uku a lokacin, ga ciki. Ranar kasuwa na ce zan je duba Inna, na shiga jirgin 'yan ƙauyenmu. Na tarar da Yaya a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida yana gyaran taru, Inna na gefe tana tsinke ƙananan kifi a sanda. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa musu komai. Har yau ban yi nadamar wannan tafiyar ba. Da za a mayar da ni ranar, jirgin nan zan sake shiga.

Yaya ya ajiye allurar taru.

Na ce, "Yaya, ka taɓa shi kaɗan, ya kai hannu ƙasa, shi ke nan a tashi."

Ya girgiza kai. "Ba ki san mijinki ba a dandali. Gatari ba ya hwaɗuwa da taɓi. In ban sa ƙarhina duka ba, ba ya kai ƙasa. In ko na sa, ta wajen idon nan za ya shiga."

"To kai ka hwaɗi."

"Shi ba yaro ba na, zai gane. Masu kallo ma za su gane. Su ce an yi coge, su sa a sake."

"A gaya wa Baba Arzika ya hana."

"In Baba yas sani, gari ya sani. Wannan kashe shi na da ransa."

Sai a nan Inna ta sa baki. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne.

"Kai," ta ce, "ni ban haihi rago ba. Amma ban haihi wanda zai mai da ɗiyan ƙanwatai marayu ba. Ka san yadda za ka yi da waɗanga biyun."

Yaya ya tambaye ni, da gaske babanku ya ce in ya gama da shi zai ajiye zare? Na ce da bakinsa ya faɗa. Ya ce to, ya ɗauki allurarsa.

Ya fara gwada hanya mai sauƙi. Ya sami babanku a rumfarsa ta fawa, ya ja shi gefe, ya ce su bar wannan magana, su surukai ne, Baba Arzika ya riga ya yi hani. Babanku ba wawa ba ne. Ya ga inda idon Yaya yake zuwa yana dawowa, ya gane. Da ya shigo gida da yamma bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba kuma ranar ma bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa kawai.

"Kin tuɓe ni tsakar kasuwa, Kulu."

Na ce, "Ɗan'uwana ni hwaɗa ma, ba kasuwa ba."

"Shi na kasuwar."

Daga ranar bai sake cin abin da na dafa ba har ranar damben. A gidan mahaifiyarsa yake ci. Ya kuma aika wa Yaya ta bakin makaɗa cewa in bai zo dandali ba, ya zo ya karɓi zane a wurin ƙanwarsa ya ɗaura.

Ni ban je wurin ba, matan aure ba ma zuwa. Abin da zan faɗa muku daga bakin Baba Arzika na ji shi, wanda aka ɗauko a kujera aka ajiye a gaba. Bayan la'asar ne, a filin da ke gangaren kogi. An ce mutane har kan itatuwa, jirage sun cika bakin ruwa. Daga gida ina jin kalangu sarai, ina kuma gane kiɗan kowa. Na ji an buga na babanku, gari ya ɗauka. Na ji an buga na Yaya. Suka shiga, suka durƙusa suna fuskantar juna, hannun kariya na taɓa hannun kariya. Sai Yaya ya miƙe. Ya kai hannunsa baki, ya kamo bakin zaren da haƙori, ya fara warwarewa a hankali, mutane na kallo ba su gane ba. Da ya gama ya dunƙule shi ya ajiye a gaban ƙafar babanku, ya juya. Ba a ba shi hanya da daɗi ba. Aka yi ta watsa masa ƙasa, ana jifansa da ɓawon rake, ana kiransa sunayen da ba zan maimaita ba. Bai waiwaya ba har ya kai jirginsa. Babanku yana tsaye a tsakiyar fili yana kiran ya dawo har muryarsa ta dushe.

Lissafin Yaya shi ne, tunda ya bar fili a gaban kowa, an ba Gatari nasara, ya ɗauki babur, ya ajiye zare kamar yadda ya ce. Kuma an ba shi ɗin, alƙalin wasa ya ɗaga hannunsa. Da ya fita a lokacin, da kun san ubanku yana tafiya da ƙafarsa. Amma shi ya san dalilin da ya sa aka bar masa, kuma abin ya fi masa duka ciwo. Mutane suna ta hayaniya sun biya kuɗin shiga ba su ga komai ba. Akwai wani baƙon saurayi da aka zo da shi daga nesa don ƙananan wasanni, dogo, bai san kowa ba, ba ya jin kunyar kowa. Ba wanda ya tilasta wa babanku. Shi da kansa ya taka har gaban yaron ya nuna shi da hannu. Baba Arzika ya ce ya ɗaga sanda yana cewa a hana, ba wanda ya ji shi. Turmin farko babanku ya kora yaron har cikin 'yan kallo. A na biyu yaron ya fara zagayawa ta hagu, yana zagayawa babanku na bin sa da kai. Sai ya saki hannu. Ya same shi a bayan kunne.

Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji kiɗa ya tsaya. In an yi kisa, kiɗa ƙaruwa yake yi, a yi ihu. Wannan karon ba ihu, ba komai. Na ajiye rariya na ɗauki mayafi, kafin in kai zaure na ji ana gudu ana neman mota.

An ce jini ne ya taru a kansa. Ya yi makonni a asibiti, aka dawo mana da shi a kwance. Gefensa na dama ya mutu tun daga fuska har ƙafa, hannun da ya yi suna da shi ya lanƙwashe a ƙirji. Harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta fama. Amma hankalinsa na nan, yana jin komai, wannan shi ya fi ba ni tausayi. Babur ɗin aka sayar aka yi magani. Abokan da ke cin kyautarsa suka yi ta raguwa. Na haifi cikin da nake ɗauke da shi, na gina banda a bayan gida, na koma sana'ar Inna. Kifin da na ciyar da ku da shi, na sa ku makaranta da shi, daga jirgin kawunku yake zuwa, kuma bai taɓa bari a yi masa maganar kuɗinsa ba.

Gari kuwa ya riga ya yanke hukunci. Minjirya ya ga mutuwa ya gudu, Gatari ya yi damben mutum biyu a rana ɗaya. Makaɗa suka sa shi a waƙa, yara suna yi a hanya. Yaya bai sake taka kasuwar Yelwa a ranar cinta ba, wasu yake ba kifinsa su sayar. 'Ya'yansa a makarantar allo ana kiransu ɗiyan mai gudu, babban ya sha dawowa da fasasshen baki. Matarsa ta daina yi mini magana, kuma ban ga laifinta ba. Inna ta daina zuwa biki da suna, a haka ta rasu. Na je na same shi na ce zan faɗa wa mutane gaskiya, ko a gidan suna ne, mata su ɗauka su yaɗa.

"A'a," ya ce. "Mi yar rage mai in ba sunan ba? Yanzu yaranki in sun hita ana ce musu ɗiyan Gatari. Kina so a koma cewa tausayinai anka ji? Ki bar mai abinai."

"Kai fa, Yaya?"

"Ni ina da ƙahwa, ina da hannu. Kihi bai san an yi dambe ba."

Babanku mutum ne mai jiki, ni kaɗai ba na iya ɗaga shi, 'yan'uwansa kuma kowa da hidimarsa. Yaya ya riƙa zuwa ranar da ba kasuwa, ya shigo ta ƙofar baya, ya ɗauke shi ya kai shi bayi, ya yi masa wanka, ya yi masa aski, ya fito da shi ya sha hantsi. Ku manyan kuna tuna wannan, amma kun ɗauka biyan laifi yake yi. Da farko babanku in ya ji muryarsa sai ya juya fuska bango, yana gurnani, har tofa masa yawu ya taɓa yi. Yaya ya goge da hannun riga ya ci gaba. Shekara ta bi shekara a haka. Wata rana ya gama yi masa aski zai tashi, sai babanku ya kama wuyan hannunsa na dama da hannunsa mai lafiya. Ya riƙe, ya matse har jijiyoyi suka fito, yana kallonsa da idon nan ɗaya, bakinsa na motsi ba abin da ke fita. Yaya bai fizge ba. Suka daɗe a haka, sannan ya sake shi. Na tambayi Yaya daga baya me ya fahimta. Ya ce bai sani ba, ko yafewa ce, ko kuwa cewa yake yi da ka yi amfani da wannan hannun. Ni ma ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira muku abin da ban sani ba. Ni dai ya koma cin abincina tun a asibiti, don ba shi da yadda zai yi, amma bai sake kallona yadda yake yi da ba.

Da Allah ya karɓi ran babanku, tsofaffin 'yan dambe suka zo gaisuwa daga ko'ina, wasu da ban taɓa gani ba sai jin suna. Mutane ne masu karyayyen hanci da tabo a goshi, wasu hannu na rawa, wasu sai an ɗaga musu murya. Ina cikin takaba, ɗakina yana jikin zaure, ina jin su ta ƙaramar taga. Bayan addu'a hira ta koma kan dambe, ana ta lissafin waɗanda suka shuɗe, ana cewa wane ya fi wane. Wani matashi a cikin masu rakiya ya ce Allah ya jiƙan Gatari, wanda Minjirya ya gani ya arce. Sai na ji muryar Baba Arzika, a lokacin ya tsufa tukuf.

"Yaro, rufe bakinka. Duk wanda yat taɓa ɗaure hannu cikin zauren ga ya ga yadda Gatari ka riƙe kai nai a ranar. Mun san idon babu. Mun san abin da yas sa anka kwance zare."

Ba wanda ya musa. A nan na gane ashe duk shekarun nan sun sani. Sun yi shiru ne saboda babanku, kamar yadda muka yi. Ana cikin haka Yaya ya yi sallama. Na leƙa. Baba Arzika ya dafa sanda ya yunƙura, aka kama shi ya miƙe, tsohon da a shekaru ya yi jika da Yaya. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ya ƙi tashi, Labbo Dogo, wani tsohon gwani daga ƙasar Shanga, wanda ya yi zamani kafin su babanku.

"Ni ba ni tashi," in ji Labbo. "Ummaru, kai ka kashe shi. Ɗan dambe ba a jin tausayinai gaban mutane. Da ka ba shi haƙƙinai, ka buge shi kamar namiji, ko ya tashi ko kada ya tashi, hannun ɗan'uwa na. Ka bar shi da wuta a ciki, yat tahi yak kai kai nai ga wanda bai san darajatai ba."

Na zaci Yaya zai kare kansa. Yana tsaye da takalmansa a hannu.

"Gaskiya na iya zama wajenka, Baba Labbo," ya ce. "Ba ranar da ba ni juya ta. Ban samu inda ta zamna ba."

Ya nemi gefen tabarma ya zauna. Ba a sake maganar wa ya fi wa ba har suka watse. Kuma ko a ranar ya sake gargaɗi na kada in faɗa muku, ya ce kuna cikin kukan uba, ba lokacin ba ne. Lokacin bai taɓa yi ba a wurinsa.

Ya rayu bayan babanku shekaru masu dama, yana kamun kifinsa har ƙarfi ya ƙare. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi a ƙauyenmu da damina, hanya ta lalace, ba kowa ya samu zuwa ba. Ku ma ɗaya ne ya je a cikinku, ya juyo a ranar. Baba Arzika ya daɗe da rasuwa. Washegarin addu'ar uku ni da matarsa muna zaune a tsakar gidan Inna, aka ce ga baƙo yana son ganin ƙanwar mamaci. Na fita. Labbo Dogo ne, a bayan ɗan acaɓa, an ɗaure shi da rawani a jikin mai tuƙin don kada ya faɗi, laka har gwiwa. Idonsa ya kusa tafiya, sai da na faɗi sunana ya san inda nake. Aka sauke shi, aka shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama sai da aka kama hannunsa aka kai shi maƙabarta ya dawo. Na kawo masa ruwa, ya sha, rabi ya zube a riga.

"Kulu," ya ce, "ban canza magana ba. Har gobe ina cewa da ya yi damben."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya miƙo mini kwanon.

"Amma na shiga dandali ya hi a ƙirga, ban taɓa jin tsoron hannun kowa ba. Da ni na a ranar, ga jama'ar nan, ga kalangu na kiran sunana, wallahi ba ni iya kwance zaren nan. Buge shi zan yi, ina sane, don kada a yi mani dariya. Mu duka haka mukai. Shi ɗai na ba haka ba."

Ya ce a ɗora shi a babur, yana so ya kai gida kafin hadari ya sauko.